Tiyon da ke Rataye a Jikin Dogon Yaro

Ku da kuke cewa canjin tiyo ba aiki ba ne, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Jiya ina jin ɗayanku yana cewa ko mai faci zai iya: kwance kilif biyu, zare tsoho, cusa sabo, ɗaure, zuba ruwa, sai anjima. To madalla. Ni ma haka na ɗauka har furfura ta fara fito mini a gemu. Wancan baƙin tiyon da kuke gani rataye a jikin dogon yaro, wanda na hana kowa ya taɓa, shi ya koya mini hankali, kuma ba ni na biya kuɗin karatun ba, wani bawan Allah ne ya biya.

Ni Sahabi, na fi shekara talatin ina gyaran a-kori-kura a garin nan na Sakkwato. A Ƙofar Rini na koyi aiki, wajen wani tsoho da ake kira Baba Modi, Allah ya jiƙansa. Wata shida na farko bai bar ni na riƙe sifana ba. Aikina wanke lagireto da matsa tiyo. Kowace mota ta shigo, sai injin ya huce, sannan ya ce in sa hannu in matsa, in gaya masa abin da na ji. In na ce "lafiya lau," ya matsa ya ji ba haka ba, sai in ji sukundireba a bayan yatsuna. A haka na koyi cewa tiyo biyu ne manya a mota. Na sama yana kwashe ruwan zafi daga inji ya kai lagireto. Na ƙasa yana dawo da shi bayan ya huce, famfon ruwa yana zuƙowa. In ka matsa ka ji ya yi laushi kamar ayabar da ta kwana uku, ya mutu. In ya sandare kamar ƙaho, shi ma ya mutu. In ya kumbura a wuya, ko ka ga fari-fari ya bushe a bakinsa, to yana yoyo a ɓoye, ko da ƙasan motar a bushe yake.

Cire shi ma akwai ladabi. Ba a zura sukundireba a banƙare shi daga wuyan lagireto, sai ka fasa wuyan ka jawo wa kanka aikin mai walda. Murɗa shi ake yi a hankali, in ya ƙi a tsaga shi da wuƙa. A goge wuyan da sanfefa har tsatsa ta fita, a sa kilif a bayan tudun nan na bakin, ba a kansa ba. A zuba ruwa a bar iska ta fita kafin a rufe. Murfi kuwa, duk wanda ya buɗe shi inji da zafi, ya zo ya ga tabon da ke damtsena.

Amma akwai doka ɗaya da Baba Modi ya fi tsanantawa. Mu ba ma yar da tsohon tiyo, rataye shi muke, don wata rana za a yanki guntu a yi wani aiki da shi. Kafin ka rataye, dole ka ɗaga shi ka saita da rana ka leƙa. Yakan ce, "Sahabi, leƙa cikinai. Abin da ke kashe mota ciki shike, ba waje ba." Na yi ta leƙawa shekara da shekaru, ban da laka da tsatsa ba na ganin komai. Da na buɗe garejina a nan bayan Sama Road, sai na daina. Lokacin suna ya fara zuwa. Manoman albasa da na shinkafa suna kawo mini motocinsu daga fadama, tiyo a naɗe da robar tayar keke, an ɗaure da waya, wani ma ya zuba barkono a lagireto wai ya toshe yoyo. In na matsa sau ɗaya na ce "kwana uku ya rage masa," sai ya fashe a rana ta uku. Har direbobi suka sa mini kirari, wai hannun Sahabi ba ya ƙarya. Kaina ya kumbura ya fi tiyon da mai ya jiƙa.

Wata bazara, ana tsakiyar kwasar albasa, Ishaya ya kawo farar a-kori-kurar maigidansa tana ɗigar ruwa. Maigidan shi ne Alhaji Umaru, dillalin albasa a Ƙofar Rini. Shi kuwa Ishaya Kirista ne, mahaifinsa ya zo daga Filato koyarwa a firamare, a nan aka haife shi, a Minanata yake zaune da matarsa da 'ya'ya uku. Shekara tara yana jan motar Alhaji. Ban taɓa ganin direba mai kula irinsa ba. Kullum da jarkar ruwa a baya, da tsumma a aljihu, ba ya tayar da mota da safe sai ya buɗe bonet. Ko sigari ba ya sha. Da azumi kuwa, in ƙishi ya kama shi, sai ya zagaya bayan gareji ya sha ruwansa don kada mu gani. Duk wannan na sani, ku riƙe shi a ranku.

Tiyon ƙasa ne ya tsage a baki. Ranar motoci huɗu ne a gabana. Na leƙa wajen mai kayan gyara na ɗauko sabo mai lanƙwasa iri ɗaya, yana ta sheƙi. Na zare tsohon, na ji ya ɗan yi nauyi a hannu, na ce laka ce, na maƙala shi a ƙusa ban leƙa ba. Na ɗaure sabon, na zuba ruwa, na bar injin yana aiki a tsaye kamar minti goma sha biyar. Allurar zafi ta tsaya a tsakiya. Na buga bonet na ce ya tafi.

Kwana uku ya dawo. Ya ce ta tafasa a hanyar Illela, bayan Kware. Na matsa tiyo na sama, na matsa na ƙasa, lafiya lau. Na canja murfin lagireto na sallame shi. Bayan mako ya sake dawowa. Na cire lagireton na wanke, na ƙara ɗaure fambel, na sake barin ta tana aiki a tsaye har rabin awa. Allura ko motsi.

Ishaya ya ce, "Oga Sahabi, a tsaye ba ta yi. A cikin gari ma ba ta yi. Sai na hau babbar hanya na taka ta sosai, sannan allura ta tashi. Da na sassauta sai ta sauko. Tun ranar da aka canja tiyon nan ta fara."

Wannan ta ƙarshen ce ta ɓata mini rai, don a gaban mutane ya faɗa. Na ce, "Tiyona kake zargi? Taho ka matsa da kanka."

Ya ce, "Ba zargi ba ne, Oga. Ka shigo mu je ko Kware ce, ka gani da idonka."

Na ce, "Ni za ka ɗauka yawo saboda tiyo? Ga motoci na jirana. Ka riƙa duba ruwa dai."

Kun ji ko? Mutumin ya karanta mini ciwon motar daga farko har ƙarshe, kamar yana karanto takardar likita. Ni kuwa na tsaya a kan cewa babban bakanike ba ya bin direba gwaji saboda guntun roba.

Dawowa ta uku janyo ta aka yi da igiya. Ishaya ya ɗauko albasa daga Goronyo, tirela na jira za ta tashi Kudu, Alhaji yana ta bugo masa waya ya yi sauri. In ta tafasa ya tsaya ya jira ta huce, ya zuba ruwa, ya ci gaba, har jarkar ta ƙare. Daga ƙarshe injin ya yi tari ya mutu. Gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe, tirela ta tafi, albasa ta yini a rana a bakin titi.

Bayan azahar Alhaji Umaru ya iso garejin nan ransa a ɓace. A gindin wannan bishiyar muka tsaya. Mutane suka taru kamar yadda aka saba in babbar mota ta lalace: mai walda, masu fenti, mai shayi, direbobin da ke jiran motocinsu, za su kai goma sha biyar. Na buɗe lagireto, ƙayau, ko ɗigo babu.

Alhaji ya ce, "Sahabi, hwaɗa min tsakaninka da Allah. Sau ukku motag ga na zuwa wurinka. Laihin aiki na, ko laihin direba?"

Da na ce "ban sani ba, a ba ni kwana biyu in bincika," da ba a yi komai ba. Amma ido goma sha biyar sau biyu yana kaina, ga kirari. Na kama tiyon na matsa a gabansu, na ce, "Alhaji, tiyo sabo na, ni nis sa shi da hannuna, taɓa ka ji. Mota dai ba ta sha ruwa ba. Shi ko direba, ban san abin da yash sha ba."

Wurin ya fashe da dariya. Har da masu tafawa. Wani direba ya ce, "Yo dama su ai sai a hankali." Kowa ya gane abin da nake nufi, kuma kowa ya yarda nan take, don Ishaya ne, ba Bello ko Shehu ba. Ni ma saboda na san za a yarda na faɗa. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ci mini rai har yau.

Ishaya bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Oga Sahabi, kai ma ka san ba na sha."

Na sunkuyar da kai cikin inji kamar ina neman wani noti. Alhaji ya miƙa hannu, Ishaya ya ɗora masa makulli. Ya ɗauki jarkarsa da tsummansa ya fita da ƙafa.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ta kai tasha, ta kai kasuwar albasa. Ba a ce "Sahabi ya yi ba'a" ba, cewa aka yi "direban Alhaji Umaru ya bugu ya ƙone inji, bakanike ya tabbatar." Na ji ya nemi jan motar wata makaranta, suka bincika suka ce a'a, ba za su ba mashayi yara ba. Ya nemi wajen wani mai buredi, haka. Ƙarshe sai ga Ishaya, mai shekara tara a sitiyari ko madubi bai taɓa fasawa ba, yana kabu-kabu da babur a rana.

Ni kuwa na gyara injin. Alhaji ya ba ɗan ƙanensa motar yana jigilar bulo a cikin gari, daga wannan unguwa zuwa waccan, ba ya wuce giya ta uku. Ba ta sake tafasa ba. Alhaji ya riƙa cewa, "Ka gani? Tun da munka rabu da mutumin ga, lahiya lau." Ni kuma in gyaɗa kai.

Da damina wani manomin shinkafa ya kawo mota tana bukatar guntun tiyo, tsawon yatsa. Na miƙa hannu jikin bishiya na sauko da wanda ya zo hannuna, na ɗora a benci na sa wuƙa. Sai na ji ƙaras, wuƙa ta ci karo da ƙarfe. Na ɗaga shi na saita da rana, abin da na yi shekara goma ban yi ba. Waya ce a ciki, a murɗe kamar sifirin, daga wannan baki har wancan. Na juya shi na ga tsagar da ke bakinsa, na gane shi. Tsohon tiyon ƙasa na motar Alhaji ne.

To ku saurara, don wannan ne karatun. Tiyon ƙasa zuƙa yake sha, ba turi ba. In direba ya taka mota sosai, famfo yana jan ruwa da ƙarfi, balle in lagireto ya tsufa ruwa ba ya saukowa da sauri. Shi ya sa a wasu motocin ake sa wannan wayar a ciki, ta riƙe shi kada ya lotse. Sabon da na sa ba shi da ita, kuma robarsa sakwaf ce. A tsaye yana nan zagaye, ka matsa ka ji lafiya. A babbar hanya sai ya manne, ruwa ya yanke, inji ya tafasa ya amayar da sauran ta murfi. Da an sassauta ya buɗe, kamar bai yi komai ba.

Na aika aka kira ɗan ƙanen Alhaji, na ce ina so in duba ɗaurin kan silinda. Na ce ya taka totur ya riƙe, na kwanta a ƙarƙashi. Ina kallo tiyon ya shafe kamar an taka shi da ƙafa. Na ce ya saki, ya koma zagaye. Minti ɗaya bai cika ba. Ko Kware ba sai na je ba, kwanciya kawai ta rage in yi a ƙasa tun ranar farko.

Kuna tsammani na tashi na nufi gidan Ishaya? Ina! Da na yi haka da da sauƙi. Na nemo tiyo mai waya na sa a motar, na ce wa yaron Alhaji wancan ya fara laushi ne. Na mayar da tsohon nan da na sauko da shi jikin ƙusa na ja bakina na yi shiru, wata huɗu cur. Kullum in zo da safe in gan shi a rataye. In na hango Ishaya a kan babur a shataletale sai in kau da kai. Kunyar kuskuren daban, kunyar ɓoyewar daban, kuma ta biyun ta fi nauyi.

Abin da ya karya ni ba wa'azi ba ne. Wata rana ya sauke fasinja a bakin garejin nan, ya yi baƙi ya rame, ya ɗago hannu ya ce, "Oga Sahabi, ina wuni, ya aiki?" Kamar yadda ya saba. Wallahi da zagina ya yi da na fi jin daɗi. Ina idar da la'asar na sauke tiyon na sa a leda.

Wajen Alhaji na fara zuwa. Ya saurare ni, ya juya tiyon, ya ce, "Ikon Allah. To, abin da yaw wuce ya wuce. Ce mai shi dawo." Shi ke nan, ya koma kan buhunansa.

Na sami Ishaya a ƙofar gidansa a Minanata yana wanke babur. Na yi sallama, na tsuguna, ni da na girme shi da shekara goma, na faɗa masa komai har da wata huɗun. Ya karɓi tiyon, ya ɗaga ya saita da rana ya leƙa, sak yadda Baba Modi yake yi, alhali bai taɓa ganinsa ba.

Ya ce, "Na gaya maka, Oga."

Na ce, "Ka hwaɗi. Ni ab ban ji ba. Ka yahe min don Allah. Alhaji ya ce ka dawo."

Matarsa ta kawo mini ruwa a kofi, na karɓa na ajiye a gefe. Ya daɗe yana matse tsumma, sannan ya ce, "Na yafe maka tun tuni, ba don haka ba da ban gaishe ka ba. Wajen Alhaji kuwa ba zan koma ba. Shekara tara ya san ni, magana ɗaya ta ishe shi. Amma Oga, ranar nan mutum nawa ne a gindin bishiyar?"

Na ce, "Za su kai sha biyar."

Ya ce, "Yau kuma kai kaɗai ka zo. 'Yata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce ubanta mashayi ne. Ba daga bakinka ta ji ba."

Washegari na tara mutanen gareji a gindin bishiyar nan. Bakwai na samu, sauran sun watse, wasu ma ban san sunansu ba. Na ɗaga tiyon na ce ni na ƙone injin Alhaji Umaru, Ishaya bai taɓa shan komai ba, ƙarya na yi masa don in tsira da sunana. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya tafa. Mai walda ya ce, "Haba Oga, kuskure na, wa ab bai yi?" Ya rufe fuskarsa da gilashin walda ya koma aiki. Ba'ar ta kai kasuwar albasa cikin mako ɗaya. Gaskiyar ban tabbata ta ƙetare titin nan ba.

Sai bayan shekara biyu Ishaya ya sake samun sitiyari, wajen wani mai ruwan leda da bai san labarin ba. Yana nan yana ja har yanzu. Ba ya kawo mini mota, kuma ban ga laifinsa ba.

Shi ya sa kuke ganin ina takura muku. Tsohon tiyo, a leƙa cikinsa. Sabo, a gwada shi da tsohon ciki da waje, ba lanƙwasa kaɗai ba. In an ɗaure, ɗaya ya taka totur, ɗaya ya kwanta ya kalli na ƙasa. In direba ya ce sai a hanya take yi, a rufe akwatin sifana a shiga mota a bi shi, shi ke kwana da ita ba ku ba. In kuma aka tambaye ku laifin wa, ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Ba a taɓa korar bakanike daga Sakkwato don ya faɗi haka ba.

Abin nan ya fi shekara goma yanzu. A watan jiya wani Alhaji, baƙo a wurina, ya kawo sabuwar a-kori-kura, ya ce in na san direba mai amana in haɗa su. Na ce na san wanda babu kamarsa a garin nan, Ishaya na Minanata. Sai ya yamutsa fuska ya ce, "Ba shi na wanda yab bugu yaƙ ƙone injin wani mai albasa ba? A'a, raba ni da shi. An ce wani babban bakanike yat tabbatar, wanda hannunai ba ya ƙarya."

Na ce, "Ni na, Alhaji. Zauna."

Na miƙa hannu na sauko da tiyon, na ba shi, na ce ya saita da rana. Shi ne mutum na ashirin da uku da na nuna wa. Ban san saura nawa ba, don haka kada wanda ya yanka mini shi.